Zaiba Cikin Naman Kifi: Sharhi a Kan Gubar Teku da Lafiyar Mai Ci

Babu wani abinci da shari'a ta yalwata wa Musulmi a cikinsa kamar abin da ke fitowa daga ruwa, domin kuwa dabbar tudu ba ta halatta sai an yanka ta bisa sharuɗɗan da aka sani, alhali kifi ba ya bukatar wuƙa balle mahauci, kuma a mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan mutanenmu ke bi, duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ko an kama shi da rai ko an tarar da shi ya mutu. Saboda wannan yalwa, da kuma sauƙin kuɗinsa in an gwada da naman shanu ko na tumaki, kifi ya zama mataimakin talaka a tukunyar miya. Har ma kifin teku, wanda kakanninmu na Kano da Katsina da Damagaram ba su san shi ba sai a bakin fatake da alhazai, yau ga shi nan daskare cikin kwali a kowace babbar kasuwa, ana sara shi gunduwa-gunduwa, ana soya shi da almuru a bakin titi. To, amma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan wata ƙa'ida, watau cewa abin da ya tabbata yana cutar da jiki, kamar guba, ana hana cinsa saboda cutarwar tasa, ko da asalinsa mai tsarki ne. Sa'an nan tabbatar da cutarwa ba aikin mufti ba ne tun farko, sai ya saurari likita da masanin sinadarai, kana ya gina hukuncinsa a kan abin da suka gano. Mas'alar da ke gabanmu irin wannan ce, domin an daɗe ana jin cewa kifin teku yana ɗauke da gubar ƙarafa, wasu sun tsorata har sun ƙaurace masa, wasu kuma sun ce zancen Turawa ne kawai, kuma kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki saura.

Ƙarafan da ake nufi, waɗanda masana ke kira ƙarafa masu nauyi, huɗu ne aka fi ambata: zaiba, da dalma, da kadmiyom, da arsanik, ko da yake shi na ƙarshen tsaka-tsaki ne, ba cikakken ƙarfe ba. Sun bambanta da irin su baƙin ƙarfe da tutiya da jan ƙarfe, waɗanda jiki ke bukatar ɗan miƙidari daga cikinsu don jini ya ginu, gaɓɓai su yi aiki. Abin da ya haɗa su duka shi ne cewa ba sa ruɓewa, ba sa tsufa, wuta ba ta cinye su. Iyakar abin da ke faruwa gare su shi ne su sauya siffa, su tashi daga wannan wuri su koma wancan.

Uku daga cikinsu ba su da dogon bayani a babin kifi. Arsanik yana da yawa a cikin halittun teku, har adadinsa yakan firgita wanda ya karanta sakamakon awo bai san fassararsa ba, amma galibinsa yana cikin wata siffa ce da jiki ke fitar da ita cikin fitsari ba tare da ta yi ɓarna ba, kuma arsanik mai kisa an fi samunsa a ruwan rijiyoyin wasu ƙasashe, kamar Bangaladash. Kadmiyom yana taruwa a ƙoda, yakan zauna a can shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, yana lalata ta sannu a hankali, yana raunana ƙashi. Shi ne ya haddasa wata cuta ta ciwon ƙashi a lardin Toyama na ƙasar Japan, wadda gwamnati ta amince da musabbabinta a 1968, amma fa ta hanyar shinkafar da aka yi wa ban ruwa daga kogin Jinzu, inda ma'adanin Kamioka ke zubar da dattinsa. A teku kuwa kadmiyom ya fi zama a jikin kaguwa da halittu masu ɓawo, da hanta da kayan cikin kifi, kaɗan ne ke isa tsoka. Dalma ma haka, tana son ƙashi da hanta fiye da nama, kuma mutanen Zamfara sun san sharrinta ta wata ƙofa dabam wadda za mu zo kanta. Saura zaiba, kuma ita ce uwar tafiyar, domin ita kaɗai ce ke shiga tsokar kifi ta liƙe, ta kuma ƙaru daga ƙaramin kifi zuwa babba.

Duniya ba ta san girman wannan al'amari ba sai da ya auku ga wasu masunta talakawa a garin Minamata, a lardin Kumamoto, kudancin Japan, inda kamfanin sinadarai na Chisso yake da babbar masana'anta wadda ita ce madogarar arzikin garin duka. Tun daga 1932 masana'antar take haɗa wani sinadari mai suna asetaldihaid, tana amfani da zaiba wajen gaggauta haɗin, kuma a cikin wannan aiki sai wani ɓangare na zaibar ya riƙa rikiɗa ya zama wata siffa da masana ke kira metilmakuri, ana kwarara shi tare da ƙazamin ruwa cikin mashigin tekun da mutanen garin ke su. Dabbobi suka fara ba da shaida kafin mutane. Kifaye suka riƙa tasowa saman ruwa, tsuntsaye suna faɗowa, kyanwoyin ƙauyukan masunta, waɗanda ke cin ragowar kifi, suka riƙa tangaɗi da zubar da miyau da juyi kamar masu bori, wasu har su afka cikin teku. A watan Afrilu na 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin, ba ta iya tafiya daidai, maganarta ta sarƙe, tana fisge-fisge. Kwanaki kaɗan sai ga ƙanwarta da irin ciwon, kuma a ranar 1 ga Mayu shugaban asibitin, Dokta Hajime Hosokawa, ya sanar da hukumar lafiya cewa wata cutar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wadda ba a san sababinta ba ta ɓulla. Da yake ciwon yana kama 'yan gida ɗaya da maƙwabta, sai aka zaci annoba ce mai yaɗuwa, aka killace marasa lafiya, aka yi wa gidajensu feshi, jama'a suka riƙa gudunsu, suka haɗu da ciwo biyu, na jiki da na tsangwama.

Alamomin cutar, ga wanda yake son ya san abin da wannan guba ke yi in ta yi yawa, su ne mutuwar yatsun hannu da na ƙafa da kewayen leɓɓa, har mutum ya kasa ɗaura maɓallin rigarsa ko ya riƙe ƙaramin abu. Da ƙuntatar gani, ya zama yana ganin abin da ke gabansa tsaf amma ba ya ganin gefe. Da raunin ji, da sarƙewar harshe, da tangaɗi wajen tafiya. Wanda kuwa abin ya tsananta gare shi sai farfaɗiya da gushewar hankali da mutuwa cikin makonni.

Abin da ya fi dacewa mai hankali ya tsaya ya duba a wannan ƙissa shi ne tsawon lokacin da ya shiga tsakanin sani da aiki. Tun ƙarshen 1956 malaman Jami'ar Kumamoto suka karkata ga cewa wani ƙarfe ne ke shiga jikin mutane ta hanyar kifi. A 1957 hukumar lardin ta nemi a hana kamun kifi a mashigin bisa dokar tsabtar abinci, sai ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta amsa cewa babu hujja bayyananna da ta nuna dukkan kifayen wurin suna da guba, don haka dokar ba ta hau ba; wannan kuwa shubuha ce irin ta mai neman yaƙini a inda rinjayen zato ya isa a tsare rai. A 1958 kamfanin ya karkatar da magudanarsa zuwa bakin kogin Minamata, sai gubar ta bazu cikin tekun Shiranui, cutar ta bayyana a ƙauyukan da da ba su san ta ba. A 1959 malaman jami'ar suka ambaci zaiba da sunanta, kuma a wannan shekarar Dokta Hosokawa, wanda ke gwaji a kan kyanwoyi a asibitin kamfanin, ya zuba ruwan masana'antar cikin abincin wata kyanwa mai lamba 400, ta kamu da cutar sak. Shugabannin kamfanin suka ɓoye sakamakon, suka tsayar da gwajin. A ƙarshen Disambar shekarar suka ba iyalan majinyata wasu 'yan kuɗi da sunan jaje, yen dubu ɗari a shekara ga babba, dubu talatin ga yaro, bisa sharaɗin cewa ko da nan gaba ta tabbata ruwan masana'antar ne sababi, ba za su sake neman diyya ba. Aka ci gaba da zuba gubar har watan Mayu na 1968, lokacin da kamfanin ya bar wannan hanyar haɗi domin an sami wadda ta fi ta riba, kuma sai a watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Japan ta furta a hukumance abin da kowa ya riga ya sani, shekara goma sha biyu bayan yarinyar farko, bayan kuma irin cutar ta sake ɓulla a Niigata a 1965 daga wata masana'anta dabam a bakin kogin Agano. Dokta Hosokawa ya ba da shaidar abin da ya gani a 1970, yana kwance a gadon ciwon ajali, kuma a 1973 kotu ta kama kamfanin da laifi, ta rushe waccan yarjejeniyar jaje. Ya zuwa 2001 mutum 2,265 aka tabbatar a hukumance sun kamu a yankin, mafi yawansu sun riga sun rasu, ban da dubbai da aka biya wani abu daga baya ba tare da an sa su cikin wannan lissafi ba. Shi kansa mashigin sai da aka katange shi da raga daga 1974 har 1997, aka yashe taɓonsa aka binne.

Akwai wani sashe na wannan musiba da ya sauya ilmin likitanci, shi ne na jarirai. Da, likitoci suna ɗauka cewa mabiyiya katanga ce da ke tsare ɗan tayi daga guba, sai ga mata a Minamata waɗanda su kansu ba su nuna wata alama mai tsanani ba suna haifar 'ya'ya masu shanyewar jiki da taɓuwar ƙwaƙwalwa, 'ya'yan da ba su taɓa sa kifi a baki ba. Dokta Masazumi Harada na cikin waɗanda suka bi wannan al'amari gida-gida, aka tabbatar da shi a 1962, kuma da yake mutanen Japan suna da al'adar adana busasshiyar cibiyar jariri cikin ɗan akwati, daga baya aka karɓi cibiyoyin nan aka auna zaibar da ke cikinsu, suka zama shaida a kan shekarun da gubar ta fi yawa. Tun daga nan aka san cewa ɗan tayi ne mafi rauni a wannan babi, kuma galibin ƙa'idojin da hukumomi suka kafa daga baya saboda shi aka kafa su.

Mai karatu yana iya cewa wannan labarin masana'anta ɗaya ne a mashigi ɗaya, ina ruwan kifin da aka kamo a tsakiyar Tekun Atlantika? Amsar ita ce zaiba tana da hanyar tafiya ta iska. In aka ƙona gawayin kwal a tashar lantarki, ko aka narka ma'adani, ko aka gasa siminti, ko aka ƙona zaiba don fitar da zinariya, sai ta tashi ta zama tururi marar launi marar wari, wanda ke iya shawagi cikin sararin sama watanni da dama har zuwa shekara, iska ta kai shi wata nahiya, ruwan sama ya sauko da shi. Duwatsu masu aman wuta ma suna fitar da nasu tun fil azal, amma wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zaibar da ke saman tekunan duniya ta ninka kusan sau uku tun farkon zamanin masana'antu. Bayan ta sauka, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin taɓo da cikin ruwan da iska ta yi wa ƙaranci su mayar da ita metilmakuri, abin da wasu masana biyu na ƙasar Suwidin suka nuna a 1969. Watau abin da masana'antar Chisso ta yi cikin tukwanenta, teku tana yinsa da kanta a hankali. Daga nan ƙananan halittun da ido ba ya gani su sha, ƙananan kifaye su cinye su, matsakaita su cinye ƙananan, manya su cinye matsakaita, kuma da yake gubar tana shiga da sauri amma tana fita da nawa, kowane mataki yana tara abin da ke cikin dubban waɗanda ke ƙasa da shi, har ya kasance abin da ke cikin naman babban kifi mai farauta ya ninka na ruwan da yake iyo a ciki sau miliyan ko fiye. Saboda haka ruwa yana iya zama garau, kifi yana da ƙiba da sheƙi da daɗin ɗanɗano, alhali yana ɗauke da kaya. Kuma abubuwa uku ne ke nuna yawan kayan, watau abin da kifin ke ci, da tsawon ransa, da girmansa.

In mutum ya ci, hanjinsa yana tsotse kusan dukkan metilmakurin da ke cikin naman, kimanin kashi 95 cikin ɗari, sa'an nan gubar ta liƙe wa wani ɗan sinadari na jiki ta ɗauki kamar abinci, masu tsaron ƙofar ƙwaƙwalwa da na mabiyiya su buɗe mata. Jiki yana fitar da ita, amma sai kimanin kwana hamsin kafin rabin abin da ke cikin jini ya ragu, shi ya sa ci ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, maimaici ne mako bayan mako. Wani ɓangare yana fita ta gashi, don haka ɗan tsinken suma da aka yanko daga ƙeya ya isa a gane abin da mutum ya tara cikin watannin baya.

Inda saɓani ya shiga tsakanin masana shi ne a kan ƙaramin miƙidari, irin wanda mai cin kifin kasuwa ke samu, wanda bai kai ko kusa da na Minamata ba. Bincike biyu ne suka shahara, kuma suka fito da hukunci mabambanci. A tsibiran Faro, da ke arewacin Atlantika ƙarƙashin Denmak, an bi yara sama da dubu da aka haifa a 1986 da 1987, aka auna zaibar cibiyarsu, da suka kai shekara bakwai aka jarraba su, aka ga waɗanda suka fi samun zaiba a ciki suna da ɗan rauni wajen harshe da hadda da tsayar da hankali, rauni mai sauƙi wanda uwa ba za ta lura da shi ba sai an haɗa yara da yawa an gwada. A tsibiran Seshel kuwa, cikin Tekun Indiya, inda mata ke cin kifi kusan sau goma sha biyu a mako, an bi yara kusan ɗari takwas da aka haifa a 1989 da 1990 shekara da shekaru, ba a ga wata illa tabbatacciya ba. An daɗe ana jayayya a kan dalilin wannan bambanci, kuma abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne cewa mutanen Faro ba daga kifi suke samun yawancin zaibarsu ba, daga naman wata dabbar teku ce dangin wel, mai tsawon rai, mai zaiba da yawa ƙwarai, wadda kitsenta kuma ke ɗauke da wasu gubobin masana'antu. Har a 2008 manyan likitocin tsibiran suka ba da shawarar a daina cin naman nan. Su kuwa mutanen Seshel kifin teku iri-iri suke ci, wanda ya zo da gubarsa kaɗan tare da alherinsa mai yawa, watau man omega-3 da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi, da aidin, da seleniyom. Wani bincike a yankin Biristol na Ingila, kan mata masu ciki kusan dubu goma sha biyu, wanda aka buga a 2007, ya ƙarfafa wannan fahimta, domin ya nuna 'ya'yan matan da suka ci ƙasa da giram 340 na abincin teku a mako su ne suka fi fuskantar rauni wajen fasahar harshe. Da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka tara masana a 2010 don auna maslaha da mafsada, sun tafi a kan cewa, a galibin nau'o'in kifi, uwar da ta ci ta fi amfanar ɗanta bisa ga wadda ta ƙi ci. Ashe ke nan wanda ya tsoratar da mai ciki daga kifi baki ɗaya ya cutar da ita, ko da niyyarsa nasiha ce.

Mizanin da kwamitin masanan hukumomin nan biyu ya ajiye a 2003 shi ne mikrogiram 1.6 na metilmakuri ga kowane kilo na nauyin jiki a mako, mikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Mace mai nauyin kilo 60 ke nan rabonta a mako mikrogiram 96 ne. To, a awon da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tara, kifin takobi da kifin shak suna da kusan mikrogiram ɗaya a kowane giram na nama, don haka gunduwa ɗaya mai giram ɗari ta cinye mata rabon makon duka. Shi kuwa kifin da muke kira Titus, na arewacin Atlantika, abin da ke cikinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin ashirin na wancan, sai ta ci kusan kilo biyu kafin ta kai haddi, sadin kuma sai ta ci wajen kilo bakwai. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa tambayar ko kifi yana da guba tambaya ce maras kan gado, sai an ce wane kifi. Waɗanda hukumomin Amurka suka ce mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su guje musu su ne shak, da kifin takobi, da malin, da babbar tuna mai manyan idanu, da wani ƙaton ɗan'uwan Titus na ruwan ɗumi, da wasu biyu da ba a kawo su ƙasashenmu. Suka kuma ce a ci masu ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako.

A nan akwai abin godiya, domin talauci, wanda ba kasafai yake yi wa mutum alheri ba, a wannan karon ya zaɓa mana mafi aminci. In ka tsaya gaban mai sayar da kifin ƙanƙara da safe, lokacin da yake yage kwali, yana buga dunƙulen da ƙasa don kifayen su rabu, abin da za ka gani shi ne Titus mai zanen baya, da shawa mai yawan ƙaya, da kote, da fanla, dukkansu kifaye ne ƙanana ko matsakaita, kuma galibinsu suna cikin masu ƙarancin zaiba. Haka ma sadin na gwangwani, da busasshen kifin nan mai tauri da ake kawowa daga Norwe. Manyan masu farauta kuwa abincin masu kuɗi ne a otal-otal da ƙasashen waje, sai fa mazauna bakin teku, kamar 'yan'uwanmu na zango-zango a Akara da Tema da Legas da Duwala da Bur Sudan, inda ake sayar da tuna da shak da barakuda ɗanye ko banda. Su ya kamata matansu masu ciki su riƙa tambayar sunan kifi, su zaɓi ƙarami a kan babba, su riƙa sauya nau'i.

Sai dai kada a yi zaton girki yana magani. Malamai sun tattauna a kan dabbar da ke kiwo cikin ƙazanta, wadda suke kira jallala, wasunsu suka ce a tsare ta kwanaki ana ba ta abinci mai tsabta har namanta ya gyaru. Kifin da ya tara zaiba ba shi da irin wannan mafita, domin gubar ta haɗu da tsokar kanta, wanki da lemun tsami ba ya fitar da ita, tafasa da suya da banda ba sa rage ta, hasali ma in kifi ya bushe ruwansa ne ya tafi, ita tana nan daram cikin abin da ya rage. Cire hanta da kayan ciki yana rage kadmiyom da dalma, wannan gaskiya ne kuma abin yi ne, amma ba ya taɓa zaibar da ke cikin tsoka. Kuma tun da zance ya biyo ta kan banda, lalle ne a faɗi cewa haɗarin da ya fi kusa da mai cin kifi a kasuwanninmu ba na ƙarafa ba ne, shi ne maganin ƙwari da wasu marasa tsoron Allah ke yayyafa wa busasshen kifi don kada ya yi tsutsa, ko suke zubawa cikin ruwa don kifi ya taso, da kuma kifin ƙanƙara da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta.

Hannunmu a cikin mas'alar zaiba ya fi yawa ta wajen zubawa, fiye da ta wajen ci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ayyukan 'yan Adam sun tura kimanin tan 2,220 na zaiba cikin iska, kuma mafi girman kaso, kusan 38 cikin ɗari, daga masu haƙar zinariya da hannu ya fito, ya ɗara na ƙona kwal. Wanda ya taɓa zuwa inda ake wannan sana'a, a Zamfara ko Neja ko Kebbi, ko a Jado da ke arewacin Nijar, ko a Sudan, ya san yadda abin yake: a niƙa dutse ya zama gari, a wanke shi cikin kwano, a ɗiga zaiba a murza da tafin hannu har ta kame ƙurar zinariya, a tace cikin tsumma a matse, sa'an nan a ɗora ɗan curin a kan cokali ko shebur a sa a wuta, zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Mai ƙonawa da yaron da ke tsugune kusa da shi su ne farkon masu shaƙa, abin da ya saura ya hau sama, wanda ya zube cikin ruwan wanki kuma ya bi rafi. Gulbin Zamfara yana zuba cikin na Sakkwato, shi kuma cikin Kwara, Kwara cikin teku. A Gana kogunan Pra da Ankobra, waɗanda masu haƙar da ake kira galamse suka mayar ruwan kunu, kai tsaye suke faɗawa Tekun Gini inda masunta ke jefa taru. Musibar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kimanin ɗari huɗu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta fito ne daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ba ta da alaƙa da kifi, amma sana'ar ɗaya ce, kuma zaibar da ake ƙonawa a wuraren tana da nata lissafin wanda ba ya bayyana da wuri.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan zaiba a Kumamoto a watan Oktoba na 2013, suka sa mata sunan Minamata, ta fara aiki a watan Agusta na 2017, kuma Najeriya da Nijar da Gana suna cikin waɗanda suka amince da ita. Ta hana buɗe sababbin ma'adanan zaiba, ta taƙaita sa ta cikin kayayyaki irin su ma'aunin zafin jiki da man bilicin, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa mai yawan masu haƙar zinariya da hannu ta tsara yadda za ta rage amfani da ita. Hana sana'ar da ƙarfin soja bai taɓa tsayar da ita ba, domin wanda yunwa ta kai rami ba ya jin shela. Abin da aka jarraba a wurare da dama shi ne a ba mai ƙonawa wata 'yar rufaffiyar tukunya mai bututu, wadda maƙerin gari zai iya ƙerawa, ta kama tururin ta mayar da shi ruwan zaiba a sake amfani da shi, ta yadda mai sana'ar zai ga ribar a aljihunsa, a kuma fitar da niƙa da ƙonawa daga cikin gidaje da bakin ruwa.

Game da kifin kogunanmu da tabkunanmu, binciken da aka yi a sassan Afirka, har da Tabkin Victoria, ya nuna galibinsa yana ƙasa da haddin da aka ajiye, sai dai manyan tsofaffin giwan ruwa da kifayen da aka kamo kusa da wuraren wanke zinariya. Ƙa'idar teku ita ce ta gulbi: ƙarfasa mai cin ganye da tarwaɗar kiwo sun fi aminci bisa ga giwan ruwa da tsage da suka tsufa suna cin 'yan'uwansu, kuma masunta da iyalansu, waɗanda kifi ne abincinsu safe da yamma daga ruwa ɗaya, su ne ke matsayin da masuntan Minamata suka kasance. Jami'o'inmu suna da sassan ilmin sinadarai, awon gashi kuma ba shi da tsada in an gwada da jinya. In da za a fara da matan ƙauyukan su da ke gangaren wuraren haƙar zinariya, a auna gashinsu da manyan kifayen da mazansu ke kamawa, a sanar da sarkin ruwa da ungozomar gari sakamakon da harshen da suke ji, da an san wane ruwa ne za a ce wa mai ciki ta rage cin babban kifinsa, da wanda za a bar ta ta ci yadda ta saba.